Yadda Ake Kai Wasan Sabon Marubuci Dandamali

Wannan bayani na shugabannin ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne, irin waɗanda ake samu a Gusau ko Azare ko Maraɗi, masu 'yan wasa goma sha wani abu, da akwatin kaya guda ɗaya, da asusun da kuɗi ba sa kwana a cikinsa. Malaman makaranta masu riƙe da kulob ɗin dirama su ma da su ake. Abin da za mu duba shi ne yadda za a ɗauki rubutun saurayi ko budurwar da ba a taɓa jin sunansu ba, a gyara shi, a samo mai ɗaukar nauyi, a kai shi gaban jama'a, ba tare da ƙungiya ta ci bashi ba, ba kuma tare da an ci haƙƙin marubucin ba.

Duk marubucin wasan Hausa da ake ambata a yau, sai da ya sami wurin da aka gwada aikinsa a bakin mutane. Abubakar Tunau malamin makaranta ne lokacin da ya rubuta Wasan Marafa, wanda ya fito a 1949. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi sai da suka bi ta rediyo a Kaduna kafin a buga Zamanin Nan Namu a 1959. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, ɗan wasa ne da ya san kunnen 'yan kallo kafin Kulɓa Na Ɓarna ya fito a 1979. Daga 1990 kuwa, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset, sai ƙungiyoyi suka yi ta sauka daga dandamali suna komawa gaban kyamara. Yau matashin da labari ke cinsa, ko dai ya nufi masu shirya fim, ko ya riƙa sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp. Abin da ƙungiya za ta ba shi wanda ba zai samu a can ba shi ne ya zauna cikin jama'a ya ji inda suka yi dariya da inda suka fara duba waya.

Neman rubutu

Kada a fara da shelar gagarumar gasa mai kyautar kuɗi. Ba ku da kuɗin, kuma abin da za ta jawo muku shi ne tulin labaran fim da aka sake wa riga. A je inda masu rubutun suke: sashen Hausa na kwalejin ilimi ko jami'a mafi kusa, manyan azuzuwan sakandare, reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya na jiha, da zaurukan marubuta mata, waɗanda sau da yawa sun fi maza naci a kan alƙalami. A nemi shafi goma na farko da taƙaitaccen labarin gaba ɗaya. Shafi goma sun isa a gane mai kunne.

A kuma faɗa musu iyaka tun da wuri, a rubuce. Wasan kada ya wuce awa ɗaya. 'Yan wasa kada su wuce bakwai. Wuri ɗaya, in ya yi yawa biyu. Wasu za su ga kamar an ɗaure musu hannu, amma duk wanda ya taɓa karɓar rubutun matashin da fim ya raina ya san dalili: fitowa ta ɗaya a filin jirgi, ta biyu cikin mota ana gudu, ta uku a asibitin ƙasar waje. Dandamali ba ya iya wannan, kuma ba ya bukata. Tsakar gida ɗaya da mutum biyar da ke da abin da suke ɓoye wa juna ta ishi awa guda.

Daga abin da ya zo, a zaɓi uku. Kada a zaɓi ɗaya tun yanzu, don rubutun da ya fi kyau a takarda ba lallai shi ne zai fi tashi a baki ba.

Zaman karatu

Nan ne ainihin aikin yake, kuma ba ya cin komai sai tabarma da ruwan sha. A raba wa 'yan wasa takardu, kowa da rawar da zai taka, a zauna a karanta da babbar murya daga farko har ƙarshe, ba tsayawa. Marubucin ya zauna gefe da biro. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba zai yi magana ba. Ba zai ce "abin da nake nufi a nan shi ne" ba, domin ranar wasa ba zai tsaya bakin dandamali yana yi wa mutane fashin baƙi ba. Inda ɗan wasa ya yi tuntuɓe da jimla, ya sa alama. Inda wani ya yi hamma, ya sa alama.

Cutar da ta fi kama sabon marubucin Hausa ita ce wa'azi. Ga misali. Wasa ne a kan wa da ƙani da suka saɓa game da sayar da gidan gado. A rubutun farko, wan ya miƙe yana cewa: "Ƙanena, ka sani zumunci abu ne mai matuƙar muhimmanci a rayuwar al'umma, kuma sayar da gidan gado yana haddasa rarrabuwar kawuna." Ba wanda ke yi wa ƙaninsa magana haka, ko a gaban alƙali. Abin da darakta zai tambayi marubucin shi ne: me wan yake yi da hannunsa a wannan lokaci, wa kuma ke wurin? Sai a sake. Ƙanin ya shigo da dillali, dillalin yana auna tsakar gida da taku yana ƙirgawa a hankali. Wan yana zaune kan turmi yana gyara rediyo, bai ko ɗago kai ba. Ƙanin ya ce, "Yaya, ga Malam ya zo ganin wurin." Shiru. Sai da dillalin ya kai kusa da rijiya, wan ya ce, "Malam, taka a hankali. Nan aka yi wa Baba wanka." An faɗi duk abin da dogon jawabin ya so faɗa, kuma ba wanda zai duba waya.

Bayan karatun, kowa ya faɗi abu biyu kawai: inda abin ya kama shi, da inda ya ɓace masa. Kada a bari manyan 'yan wasa su shiga "da ni ne, da kaza zan yi". A ba marubucin mako biyu ko uku ya sake rubutu, a sake zama. Yawanci a zama na biyu ake gane wanda za a ɗauka cikin ukun. Sauran biyun kada a sallame su da "sai mun neme ku". A ba ɗaya riƙon littafi lokacin rihazal, ɗaya ya taimaki darakta. Wanda ya ga yadda ake haɗa wasa daga ciki, rubutunsa na gaba ba zai zo da filin jirgi ba.

Akwai wata matsala da ta keɓanci namu wasan, wadda ya kamata a yi maganarta a fili. Gwanayenmu na da, irin su Samanja da Karkuzu a talabijin, ko Yazi Dogo da abokan aikinsa a Nijar, sun yi suna ne da iya ƙirƙirar magana nan take: a ba su ƙashin labari, su sa masa tsoka da bakinsu. Baiwa ce babba, kuma har yau ɗan wasan Hausa yana alfahari da ita. To amma idan aka sake ta a kan rubutun yaro ɗan shekara ashirin, kafin mako guda ba sauran jimlarsa ko ɗaya, ga shi ba zai iya buɗe baki ya ce wa sa'an mahaifinsa "Baba, ba haka na rubuta ba". Darakta ne zai tsaya masa. Hanyar da na fi gamsuwa da ita ita ce a raba rihazal biyu. A kashin farko a bar kowa ya yi ƙari yadda ya ga dama, marubucin yana rubuta abin da ya burge shi, shi ke da ikon ɗauka ko bari. Daga ranar da aka sa, sai a ce an rufe littafi. Bayan wannan rana, abin da ke takarda shi za a faɗa.

Kasafi kafin roƙo

Kada a je wurin kowa neman tallafi sai an san abin da ake nema. A zauna a rubuta kasafi, layi na farko kuma ya zama sallamar marubuci. Na ce na farko ne saboda in aka bar shi ƙarshe, sunansa "in an samu rara", rara kuwa ba a taɓa samunta. Sai kuɗin motar 'yan wasa na zuwa rihazal, wanda shi ne ya fi kashe wasanni a ɓoye: mako na farko kowa ya zo, mako na huɗu jarumar ta daina zuwa, ba don ta yi fushi ba, don ba ta da na adaidaita. Sai hayar zaure, kujeru, janareta da mansa, lasifika, tufafi, fosta, masu tsaron ƙofa, da mai ɗaukar hoto.

A yi kasafin iri biyu, babba da ƙarami. Ƙaramin shi ne wanda ƙungiya za ta iya da karo-karon 'ya'yanta ko da ba wanda ya ba da sisi: filin makaranta, tsakanin la'asar da magariba, hasken rana, tabarmi, muryar ɗan wasa ba lasifika. Wannan ba abin kunya ba ne. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975, gidan wasan da ya yi suna da ƙasa aka gina shi, da ɗakuna kewaye da fili irin na gidan Bahaushe, kuma malamai da ɗalibanta sun kai wasanni ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo suka yi a fili. Wanda ke da ƙaramin kasafi a aljihu yana shiga ofishin mai kuɗi da ƙarfin gwiwa, don ya san ko an ba shi ko an hana shi, wasan zai tashi.

Masu ɗaukar nauyi

Iri-iri ne, kuma kowanne da abin da yake so a madadin kuɗinsa.

Akwai gidauniyoyi da ofisoshin jakadanci. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Jos Repertory Theatre, wadda Patrick-Jude Oteh ya kafa a 1997, take kuma shirya bikin wasan kwaikwayo na Jos; ta sami tallafin Gidauniyar Ford da na ofishin jakadancin Amurka. Galibin wasanninta da Turanci ne, amma darasin ɗaya ne. Irin waɗannan masu bayarwa ba sa ba mutum, sai ƙungiya mai rajista, mai asusun banki da sunanta, mai tarihin ayyukan da za ta iya nunawa. Saboda haka ko ba yau za ku nema ba, ku yi rajista da hukumar CAC, ku buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu, ku riƙa ajiye hoto da fosta da rasit na kowane wasa. Shekara uku na irin wannan ajiya sun fi kowace wasiƙa iya roƙo.

Akwai gwamnati, ta hannun hukumomin raya al'adu na jihohi. Nijar ta ga amfanin wannan a zamanin Seyni Kountché, lokacin da ƙungiyoyin samariya ke fafatawa a bikin matasa na ƙasa, wasan Hausa ya bunƙasa ƙwarai a garuruwa irin su Damagaram. Amma mai ba da zaure da mota yana da ra'ayi a kan abin da za a faɗa. Daga gwamnati, abin da ya fi sauƙin samu ya kuma fi aminci shi ne wuri da kujeru, ba tsabar kuɗi ba, don takardar kuɗi tana iya shekara tana yawo daga tebur zuwa tebur.

Akwai ƙungiyoyin agaji masu saƙo: rigakafi, karatun 'ya'ya mata, zaman lafiya, shaye-shaye. Su ne suka fi biya a kan lokaci, kuma ba laifi ba ne a yi musu aiki; Wasan Marafa kansa wasan koyar da tsafta ne. Kuskuren shi ne a ɗora wa sabon marubuci wannan kaya a wasansa na farko. Zai koyi rubuta abin da jami'in shiri ke son ji, ya saba da wasan da tun fitowa ta ɗaya an san wanda zai tuba a ƙarshe. Ku yi wasan faɗakarwar daban, da sunansa, ku ware wani kaso na ribarsa ku zuba a wasan yaron. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi, ba za a ce an kyauta wa kura ba.

Sai 'yan kasuwar gari, waɗanda a ganina su ne ƙashin bayan ƙaramar ƙungiya, su ne kuma aka fi raina wa. Mai gidan burodi, mai ruwan leda, mai gidan mai, mai makaranta mai zaman kanta, mai hayar kujeru da rumfa. Kada a aika musu da wasiƙa mai shafi shida. A sami wanda suke jin nauyinsa ya yi rakiya, a je da takarda shafi ɗaya da kwafin fosta wadda aka bar gurbin suna a ƙasanta. A kuma nemi abu takamaimai. "Ranka ya daɗe, Alhaji, ba kuɗi muka zo nema ba. Wani yaro ne ɗan unguwar nan ya rubuta wasa, za mu nuna ranar Asabar ta ƙarshen wata a makarantar gabas. Man janareta na kwana uku muke roƙo, sunan gidan mai kuma zai hau nan." Mutumin da zai yi ta ja in an ce ya kawo kuɗi, sau da yawa nan take zai kira yaronsa ya ce a rubuta. Mutum biyar irin wannan sun fi babban mutum ɗaya, don in ɗaya ya janye, huɗu na nan.

Abin da za ku bayar a madadi: suna a fosta, ambato daga bakin mai gabatarwa kafin wasa da bayansa, kujerun gaba ga iyalinsa. Abin da ba za ku bayar ba: ikon sauya labari, da cusa tallar kaya cikin bakin 'yan wasa. Ɗan siyasa kuma in zaɓe ya ƙarato, a yi masa godiya a ce sai wani jiƙon. Ranar da hularsa ta hau fostarku, rabin gari sun daina zuwa. Alƙawarin da babban baƙo ya yi a lasifika ana tafi, kada a sa shi cikin lissafi sai ya shiga asusu.

Takarda tsakaninku da marubucin

Ko ɗan ƙungiya ne, ko ƙanin shugaba ne, a rubuta. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta bar wa marubuci mallakar aikinsa tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma sallama wannan haƙƙi ga wani ba ya inganta sai a rubuce. A Nijar ma akwai ofishin kula da haƙƙin mawallafa, BNDA. Yarjejeniyar ba sai ta yi tsawo ba: wasan na marubucin ne, ƙungiya na da izinin nuna shi na tsawon lokaci kaza, ga abin da za a biya shi yanzu, ga kasonsa daga kuɗin ƙofa, sunansa zai fito a fosta da girman da ake iya karantawa daga nesa. Sai batun da ya fi haddasa rigima a yanzu, wato bidiyo. Wa ke da ikon ɗora wasan a YouTube? In wani furodusa ya gani ya ce zai mai da shi fim, da wa zai yi ciniki? Amsar ita ce da marubucin, kuma gara a rubuta haka tun ana dariya.

Izini da ranar wasa

A Kano akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, a je a ji ƙa'idarta kafin a buga fosta. A ko'ina kuma, a gai da mai unguwa, a sanar da 'yan sanda, a kai wa limamin unguwa katin gayyata. 'Yan wasa mata, musamman 'yan makaranta, shugaba da kansa zai je ya nemi yardar iyayensu, ya faɗi lokacin tashi daga rihazal, ya kuma cika. A kauce wa damina in a fili za a yi, a kauce wa azumi da lokacin jarrabawa.

A karɓi kuɗin shiga ko yaya ƙanƙantarsa. Mutanen da suka saba kallo kyauta ba za su taɓa riƙe ƙungiya ba, kuma mai ɗaukar nauyi yana son ya ji cewa jama'a sun sa hannu a aljihu. Kada kuma a yi wahalar wata biyu don dare ɗaya. A nuna aƙalla sau uku, sannan a zaga da shi makarantu. Tsakanin nuni na farko da na biyu marubucin yana da damar yanke abin da ya ga ya yi nauyi, kuma yankan da zai yi da hannunsa a daren nan ya fi duk wata bita da za a shirya masa. Shi ya sa ba a ɓoye shi a bayan labule. A zaunar da shi can baya cikin 'yan kallo, a kira shi gaba bayan an gama, a faɗi sunansa da na unguwarsu.

Cikin mako biyu a koma wurin duk wanda ya ba da wani abu, da hotuna, da adadin waɗanda suka shiga, da bayanin inda kowace naira ta tafi. Yawancin ƙungiyoyi a nan suke faɗuwa: sun iya zuwa roƙo, ba su iya zuwa godiya ba, sai baɗi su tarar da ƙofa a rufe.

Manyan gasannin wasan kwaikwayo na Nijeriya ba su buɗe wa mai rubutu da Hausa ba. Kyautar adabi ta kamfanin NLNG, mai dala 100,000, wadda ke zagayowa kan wasan kwaikwayo sau ɗaya a shekara huɗu, wadda kuma Ahmed Yerima ya ci a 2006, ta ayyukan Turanci ce. Gasar Beeta ta matasan marubuta wasa ita ma haka. Saboda haka abin da ƙungiya za ta yi wa yaron bayan wasa shi ne ta nemi wasansa na biyu, ta sa masa rana, ta ba shi kafin alƙalami, ta kuma haɗa shi da malaman Hausa da za su duba yiwuwar buga na farkon.

Ranar 27 ga Maris ce Ranar Wasan Kwaikwayo ta Duniya, kuma tana faɗowa kafin ruwa ya sauka a ƙasar Hausa. Ƙungiyar da ke son fitar da sabon wasa a wannan rana, ta duba kalanda ta tabbatar ba a cikin azumi take ba, sannan ta aika da neman rubutu makarantu tun watan Oktoba.